Shekarar da Habu Ya Daina Yi Min Aikin Gida

Ranar Litinin da ta wuce, ɗaya daga cikinku, ku da aka turo mana daga kwaleji don koyon koyarwa, ya tarar da ni a bakin aji biyu ina faɗa. Na ba da aikin gida tun ranar Juma'a, amma littattafan da aka tara min hannu ɗaya ya isa ya ɗauke su. Da muka koma ofishin malamai sai ya ce min, cikin ladabi dai, wai me zai sa in tayar wa kaina hawan jini, ai wanda bai yi ba kansa ya cuta, ni kuma an rage min wahalar maki. Sauran suka yi dariya. Ban amsa masa ba, domin an buga ƙararrawa. Yanzu zan amsa, tunda na ga kun ɗauka sana'ar nan ba ta wuce a shiga aji da alli, a yi surutu, a fito a karkaɗe hannu ba.

Na fara koyarwa ne a wata firamare da ke gefen babban kanal na ruwan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure, ƙarƙashin wani hedimasta da ake kira Malam Ilu, Allah ya jiƙansa. Na zo da takardar shaida da sabuwar riga, ina jiran a nuna min ajina. Bai nuna min ba. Ya zaunar da ni a kan benci ƙarƙashin darbejiya, ya ajiye min tarin littattafan lissafi na 'yan aji biyar da jan biro, ya ce in duba. Kafin azahar na gama. Wanda ya ci na ba shi maki, wanda ya faɗi na kanta masa gicciye, na kai masa ina jin kaina. Ya buɗa biyu ko uku, ya turo min su gaba ɗaya.

"Ya'u, ba amsa na ce ka duba min ba. Nemo min inda ƙafar yaron ta zame."

Ya jawo bencinsa kusa da nawa. Ya nuna min wata yarinya da ta faɗi duk tambayoyin ɗebewa, amma kuskurenta ɗaya ne tak: in ta tarar da sifili a sama ba ta san inda za ta yi aro ba. Ya nuna min wani da ya ci duka, amma babu alamar aiki ko kaɗan a gefen shafin, ya ce wannan kwafa ya yi, in duba na wanda suke zama tare. Ya nuna min wani da ya fara da kyau, rubutun yana ta lalacewa har ya kai ƙasa, ya ce wannan gajiya ce, daga gona ya dawo. Daga nan ya sa na ware littattafan kashi-kashi bisa irin kuskurensu, ya ce kashin da ya fi tsawo shi ne darasina na gobe, duk abin da na rubuto daga kwaleji in ajiye shi tukuna. A haka na yi zangon farko, ina maki, shi yana yi wa makina maki.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Alli, wanda a lokacin ake ba mu a ƙirge, in ya rage guntu ka saka a aljihu. Allo, wanda mu da kanmu muke shafe shi da baƙin tsohon batir duk ƙarshen mako, don in ya yi fari 'yan baya ba sa ganin komai. Tsumman gogewa. Buhun da nake zuba littattafai in ɗaure a bayan keke. Sai jan biro. Yanzu an kawo muku farin allo da alƙalamin maka mai bushewa a tsakiyar jimla, ba laifi. Amma jan biron bai canza ba, kuma shi ne kawai kayan aikin da ke kai ka cikin kan yaro. Ajin da yara suka cika benci har wasu na zaune a taga, ka juyo ka ce, kun gane? Duk su amsa da murya ɗaya sun gane. Wanda ya gane da wanda hankalinsa ke kasuwa, muryarsu iri ɗaya ce. Sai yaro ya koma gida, babu kai, babu allo, ya zauna shi da tambaya, sannan gaskiya take fitowa. In bai yi ba, gobe ka shiga aji kana lalube. Ka ɗora sabon darasi a kan wanda ba ka san ko ya zauna ba. Duk wanda ya taɓa yin ban-ruwa ya san abin da nake nufi: ranar da aka sako ruwa layinku, in ba ka buɗe bakin fangalinka ba, ruwan ba ya tsayawa jiranka, gonar gaba zai wuce. Haka manhaja take.

Wannan shi ne dalilin da kowane malami zai faɗa muku. Akwai na biyu da ba a cika faɗa ba, shi kuma sai na ba ku labarin Habu.

Bayan na ƙaro karatu aka mai da ni ƙaramar sakandare, wannan da muke ciki, ina koyar da lissafi. Habu ya shigo hannuna tun aji ɗaya. Ɗan wani manomin shinkafa ne, siriri, ba ya son magana. Aikin gidansa na farko da na duba, na ga ya warware tambaya ta hanyar da ban koya musu ba, kuma daidai. Na ɗauka wani ya yi masa. Washegari na kira shi gaban allo na ba shi wata, ya tsaya yana kallonta kamar mai sauraron wani abu, sannan ya rubuta. Tun daga ranar nake ƙara masa tambaya ɗaya ta daban a ƙasan aikin kowa. Da safe kafin taron asambili zan tarar da littafinsa a kan teburina. Wani lokaci ya ci, wani lokaci ya rubuta a gefe cewa nan ya tsaya. Shekara biyu muna haka. A duk shekarun da na yi ina wannan aiki, yaran da na samu irinsa ba su cika tafin hannu ba. Na riga na sa a raina cewa in ya gama aji uku zai zauna jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta kwana, daga can kuma sai inda Allah ya kai shi.

Shekarar da ya shiga aji uku ita ce mummunar shekarata, kuma ita ce shekarar da kowa a yankin nan yake tunawa da murmushi. Shinkafa ta yi daraja. Motoci suka riƙa zuwa daga kudu suna kwana a Kura suna jiran kaya. Injinan casa suka ƙaru, duk lungun da ka bi hayaƙin turara shinkafa ne, duk filin da ka gani an shimfiɗa tamfol ana shanya, har gefen kwalta. Wanda bai taɓa noman rani ba ya nemi aron gona. Aikin kuwa hannu yake so: dashe, korar tsuntsu, yanka, bugu, ɗauka, juya shanya. Hannun da ya fi sauƙin samu shi ne na ɗalibaina. Ana tashi daga makaranta za ka ga sun cire farar riga sun cusa a jaka tun kafin su fita ƙofa. Da safe su zo ido jajur, ƙaiƙayi a wuya. Ban ga laifin iyaye ba. Mutumin da ya daɗe yana noma yana faɗuwa, shekara ɗaya ta zo masa da sauƙi, ba za ka ce ya bar shinkafa ta zube don ɗansa ya nemo darajar x ba.

Na rage aikin. Daga shafi guda na koma 'yan tambayoyi. Duk da haka buhuna ya riƙa komawa gida kusan wofi. Sai ranar da na zo ban tarar da littafin Habu a kan tebur ba. Na ce ko ba shi da lafiya. Ga shi nan a aji. Na tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce sun kai magariba a wajen bugu. Na ce ba komai, gobe. Goben ma babu.

Da abin ya tsaya nan da na haƙura, na ce shekara ce ta zo da haka. To amma a wannan zangon ne aka turo mana sabon malamin Turanci, Malam Sagir. Kun san shi, shi ne mataimakin shugaban makarantar nan yanzu, mai ofis da fanka. A lokacin saurayi ne ɗan Kumbotso, yana zuwa a kan sabon babur, yana buga ƙwallo da yara ranar Alhamis. Teburinsa yana kallon nawa. Wata safiya ina zaune da 'yan littattafaina da ba su kai a kira su tari ba, sai ga monitan aji uku ya shigo rungume da kaya, har yana tokarewa da haɓa, ya dire a gaban Malam Sagir. Ajin nan dai da ke ce min ba su da lokaci. Na kai ido kan na sama, na ga bangon da na sani, wanda aka lulluɓe da takardar buhun siminti. Littafin Habu ne.

Na ci gaba da makina, amma kunnena yana teburin da ke gabana. Malam Sagir yana karantawa yana dariya shi kaɗai, yana cewa wannan yaro akwai kai. Ni zai gaya wa.

Abin da yake ba su, na bincika na ji, shi ne kowa ya rubuta abin da ya gani jiya a wajen aiki. Yadda ake turara shanshera, shinkafar da ba a casa ba. Faɗan da aka yi a kan layin ruwa. Direban da ya zo daga kudu ba ya jin Hausa. Ranar Juma'a sai ya zaɓi mafi kyau ya karanta a gaban aji, ya ambaci sunan mai shi, a tafa masa. Ba zan ce ba koyarwa ba ce. Na taɓa ɗaukar ɗaya daga cikin littattafan da ya duba lokacin da ya fita, na ga yana bin kuskure layi-layi kamar wanda ya zauna da Malam Ilu. Ya iya aikinsa. Amma ku duba bambancin. Aikinsa yaro zai iya shirya shi a ka yana korar tsuntsu, ya zo ya zuba a takarda kafin a kira salla. Nawa sai an zauna, an natsu, an yi kuskure, an goge, an sake. Kuma ba wanda zai tafa maka don ka raba lamba daidai. Yaron da ya rage masa ɗan lokaci tsakanin wanka da magariba, dole ya zaɓi wanda zai ba. Habu ya zaɓa.

Wannan shi ne dalili na biyu. In yaro ya zo maka hannu wofi, ba aikin kawai ya bari ba. Ya jera abubuwan da ke gabansa ne, gona, ƙwallo, waya, barci, malam wane da malam wane, ya sa ka a ƙarshe. Kuma kai kana ganin wanda aka sa a farko, ofishinku ɗaya da shi.

Na bi hanyoyin da na sani. Na je gidansu Habu wata Asabar da hantsi, na tarar da mahaifinsa a ƙofar gida yana ɗinke bakin buhu. Ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka kawo min fura. Na yi masa bayanin jarrabawar da ke tafe, da irin kan da Allah ya ba ɗansa. Ya saurara har na gama, ya yi godiya, ya ce in sha Allahu da an kwashe wannan kaka zai sakar min shi. Ya ƙara da cewa ai yaron yana karatu, kullum yana ganinsa da biro, har ran nan ya yi masa tafinta da wani mai sayen shinkafa, mutumin ya yi ta mamaki. Yana faɗa fuskarsa na haske. Na shanye furata na tafi. Kakar da aka kwashe, aka zuba iri na gaba.

Na sami Malam Sagir ma. Na ce masa tunda lokacin yaran ya ƙanƙance, mu raba kwanaki, Litinin da Laraba nawa, sauran nasa. Bai yi musu ba ko kaɗan, ya ce ai ni babba ne, yadda na ce haka za a yi. Ya kuma cika alkawari. Sai dai ranar Talata da safe, da ya kamata teburina ya cika, sai in ga yara suna leƙowa suna ajiye masa rubutun da bai ma sa su ba. Ya dube ni ya buɗa hannu, alamar shi ma ba yadda zai yi. Da ya yi min rashin kunya da na fi samun sauƙi.

Bulala ban yi wa Habu ba. Na yi wa wasu a farkon zangon, na ga abin da ta haifar: suka riƙa zuwa da sassafe suna kwafar na yaro ɗaya a bayan aji, aka tara min littattafai masu kuskure iri ɗaya har da inda biro ya zame. Wannan ya fi hannu wofi muni, don ƙarya ce aka ba ka ka duba. Shi Habu kiransa na yi lokacin tara, na zaunar da shi, na ce in ya ga dama ya bar na kowa, ya riƙa yi min tambayar nan ɗaya tak da muka saba. Ya ce to. Ya yi sau biyu. Na uku ya kawo rabi. Na tambaye shi abin da ya faru da shi, shi da lissafi yake masa kamar shan ruwa.

"Malam, da can in na kalla ina ganin hanyar. Yanzu sai na daɗe ban gan ta ba, barci ya ɗauke ni."

Gaskiya ya faɗa. A watannin da ya bari mun wuce abubuwa da yawa, kowanne a kan na bayansa yake zaune. Yana aji lokacin da na koyar da su, ya kuma amsa ya gane tare da kowa. Hannunsa ne bai taɓa su ba. Yaro mai kai ya fi kowa jin zafin wannan, don bai saba tsayawa a gaban tambaya ya rasa ta inda zai shiga ba. Ga kuma wani ɗaki a kusa inda ake kiran sunansa ana tafi.

Suka zauna jarrabawar. Da sakamako ya fito, Turancinsa ya yi kyau ƙwarai, lissafi bai kai ba. Makarantar kimiyya kuwa lissafi take fara dubawa. A taron asambili shugaban makaranta ya yaba wa Malam Sagir bisa yadda yara suka ci darasinsa, aka tafa. Ni aka kira ni ofis aka tambaye ni me ya sami lissafi bana. Na ce shinkafa. Aka ce ai Turanci ma a garin shinkafar aka koyar da shi.

Habu bai lalace ba, kada ku ɗauka can labarin zai tafi. Ya gama babbar sakandare a nan kusa, ya shiga harkar casa, yau yana da injinsa a bakin titin Kura da yara a ƙarƙashinsa. Shi ke magana da manyan 'yan kasuwar kudu, don bakinsa ya iya Turanci. Duk inda aka zauna zai ce Malam Sagir ne ya buɗe masa baki, kuma ba ƙarya ya yi ba. In mun haɗu yana durƙusawa ya gaishe ni, ya tambayi iyali. Amma duk sanda na ga injiniyoyin da ake kawowa daga birni su duba ƙofofin ruwan kanal, da hular kwano da takarda a hannu, sai in tsaya in kalle su. Ba wanda na gani a cikinsu da zan ce ya fi yaron nan kai lokacin yana aji biyu. Wannan ni kaɗai na sani, don ni kaɗai na duba littafin.

Bana, shekarata ta ƙarshe kafin ritaya, 'yarsa Nafisa ta shigo aji ɗaya. Ba ta kai shi kai ba, amma ba ta taɓa zuwa min hannu wofi ba. Ko ba ta iya ba za ta cika shafi da ƙoƙari, in sami abin da zan kama. Makon jiya ina ajin ƙarshe na hango motar Habu ta shigo. Da aka tashi ya same ni a bakin ofishin malamai, ya cire hula ya gaishe ni. Ya ce ya zo ne a kan yarinyar. Wai kullum bayan la'asar yana barin injin ya dawo gida ya zauna kusa da ita har ta gama aikina, ya hana a aike ta, ya karɓe wayar uwarta daga hannunta. Shekaranjiya ta kawo masa wata tambaya ta aljebara ta ce ya taya ta.

"Malam, na karɓa na kalla. Na san na taɓa sanin abin nan. Na daɗe ina kallo, sai na ce mata ta kai maka."

Ya juya hular a hannunsa. Sannan ya roƙe ni, in ba zai zame min wahala ba, in riƙa ƙara mata aiki fiye da na kowa, kuma in na yi ritaya ya riƙa kawo ta gida ranar Asabar. Na ce ya kawo ta. Ya yi godiya har ya wuce yadda ya kamata, ya tafi.

Kun ga dai amsar da zan ba abokinku ke nan. In kun kama aji naku, ranar da aka tara muku littattafai kaɗan, ku duba ku ga ko za ku iya yin dariya.

Na ji daɗin zuwan Habu, ba zan ɓoye ba. Amma tagar ajin da nake ciki tana kallon ofishin mataimakin shugaba, Malam Sagir. Da Habu ya fito daga mota can ya fara shiga, kuma ya fi daɗewa a can.